Hannu Biyu a Kan Azurfa

Jiya 'yata mai karatu a jami'ar garin College Park ta nuna mini hoton tsohon kuɗin azurfa na Rumawa, da hannu biyu riƙe da juna. Ta ce, "Umma, suna tsakiyar yaƙi da junansu suka buga shi."

Sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. In mun yi faɗa da Yaya, yakan haɗa hannuwanmu, ya danne da nasa mai kaushi da ƙamshin goro, ya ce, "Ni ba na sauri." Sai mun yi dariya yake saki.

Shekara biyu ba ma magana da Yaya, ga ta nan garin Beltsville kusa da mu. Tun safe nake ɗaukar waya ina ajiyewa. Yanzu dai na buga. Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ta ɗauka.