Ɗakin da Baffa Ya Ce Zai Faɗi

Duk inda na wuce ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ƙanshin nan sai ya mayar da ni gidanmu na ƙauye, can tsakanin Kafur da Malumfashi, daminar shekarar da mahaifina ya rasu. Shekarata tara. Kada ku ɗauka daɗi nake ji.

Inna ba ta cika sati biyu da fita takaba ba Baffa, yayan mahaifina, ya shigo sashenmu da wani magini. Akwai wata siririyar tsaga a bayan ɗakinmu, daga ƙasa zuwa daidai ƙuguna. Maginin bai tsuguna ba, bai tona gindin bangon ba. Fuskar Baffa ya kalla, sannan ya ce, "Alhaji, harsashin ya tafi. Ruwa biyu masu ƙarfi, ɗakin nan ya kwanta."

Kakata, wadda ta haife su, ba ta yarda ba. Ta kwaɓa ƙasa da hannunta, ta shafe tsagar wuri uku. Ta ce mini tsagar da ake tsoro ita ce mai hawa a karkace, bakinta ya fi faɗi ta sama, ƙofa kuma ta fara cijewa. Irin wannan ba ta barin sabon yaɓe ya zauna lafiya. Tamu kuwa a miƙe take, ko tsinken tsintsiya da ƙyar yake shiga.

Aka yi ta sheƙa ruwa har masara ta kwanta a gonaki. Kullum da safe, kafin na wanke ido, sai na zaga bayan ɗaki. Yaɓen bai dare ba. Kakata ta kira Baffa ya gani. Ko kusa bai matsa ba, ya ce, "Hajiya, ke magina ce? In ya danne su, ni za a tambaya."

Ba a kai girbi ba aka loda kayanmu a mota, sai Funtua, ɗaki ɗaya na haya kusa da layin dogo. Da na je gaishe da kakata da babbar sallah, na leƙa ta tagar ɗakinmu. Buhunan audugar Baffa ne har rufi, ga sabon kwaɗo a ƙofa. Ban yi kuka ba. A wurin na ƙudure abin a raina.

Inna ta yi wankau da surfe har na zama malamar makaranta. A ɗakin hayar nan ta rasu, ba ta ƙara taka gidan ba.

Da aka zo rabon gida bayan shekaru, kwalta ta riga ta biyo ta ƙofarsa. 'Ya'yan Baffa suna son rushe komai su jera shaguna. Aka yi mini tayin fili mai faɗi a bayan gari. Na ce ɗakin ubana nake so, na kuma tsaya har aka ba ni.

Baffa ya aiko na je. Ya tsufa, idanunsa sun yi yana. Ya ce, "'Yata, abin da ya wuce ya wuce. Ki bar wa 'yan'uwanki wurin."

Na durƙusa yadda aka koya mini, na ce, "Baffa, ai jira nake ya faɗi. Ranar da ya faɗi, ku ɗauki filin kyauta."

Yanzu ƙauyen duk bulo ne da kwano. Shagunan sun zo dama, sun zo hagu, suka tsaya, suka bar ɗakin ƙasa ɗaya a tsakiya. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke sai na sa a gyara shi. Dangi suna cewa na cika riƙo, wai da Inna ce da ta yafe. Wataƙila. Ni dai abin da na sani, babu hanyar masallaci daga ɗakin Baffa sai ta nan. Sau biyar a rana yake dafa bangon ya wuce.