Bukar da ɓaunar gidan zu

Jama'a, yau an kore ni daga gidan zu, ni da furfurata!

Da sassafe muka bar unguwarmu Dogo Tebo, mota cike da iyali, tafiyar awa uku zuwa gidan zu. Dalilin tafiyar ɗaya ne: na yi wa jikata Falmata alkawarin za ta ga zaki. Kuskurena shi ne tafiya da ƙanena Bukar, dillali a kasuwar shanu.

Mun ga birai, mun ga jimina. Sai muka iso wurin ɓauna, ta jingina da shinge. Kun san dillali bai iya ganin dabba bai latsa ta ba. Kafin in ankara, Bukar ya zura hannu ya matsa mata cinya, ya ƙara da ɗan duka!

Innalillahi! Ɓauna ta juyo ta kai wa shingen karo. Mata suka watse, takalma ko'ina!

Mai gadi ya zo a guje. "Ku fita! Dukanku!"

Na ce, "Ɗana, yarinyar nan ko zaki ba ta gani ba." Na roƙe shi da Hausa, na koma Barbarci, har Turanci na gwada. Ya ce, "Baba, ga ƙofa."

Na shiga gidan zu a Alƙahira da Khartum, ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya. Sai yau!

Falmata ta yi ta kuka a mota. Na ce, "Bukar, ba ka da abin cewa?"

Ya ce, "Wallahi Yaya, ɓaunar nan ba su ba ta dusa. Duk ƙashi ce."