Ƙaho Takwas a Bayan Baba

Har yau in na ga wanzami ya buɗe zabira sai raina ya ɓaci, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba. Abin ya faro ne a shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki. Lokacin ina sabon malami a wata firamare kusa da Goron Dutse, ina koyar da kiwon lafiya. Kullum in zana zuciya a allo, in gaya wa yara ita ke tura jini ya zaga jiki ya dawo, ba ya kwanciya a ko'ina. In na koma gida Dukawuya kuma in tarar ana zuƙe wa mahaifina nasa.

Baba baduku ne. Tun ƙarshen damina ƙarfinsa ya soma tafiya. Daga zaure zuwa masallaci sai ya yi haki, tafin hannunsa ya yi fari fat. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti. Likita ya ja fatar idonsa, ya sa aka gwada shi, ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ya rubuta magani.

Baffana, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya ce duk zancen banza ne. Mutum ne mai baki, ga siyasa ta shigo ta ƙara masa, tun da aka ba shi wani ɗan muƙami a jam'iyya babu abin da bai sani ba a duniya. Wai mataccen jini ne ya taru wa Baba a baya. Shi ke nan fa, duk Asabar sai ya zo da wanzami.

Asabar ta huɗu na kasa haƙuri. Da hantsi na shiga zaure na tarar Baba ya tuɓe riga, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje, ƙaho huɗu a manne a bayansa, wasu huɗu na jira. Wanzamin ya ɓalle ɗaya ya juye a sakaina, jini baƙi, guda-guda. Baffa ya miƙo mini ita har hanci.

"To, malamin boko, duba da idonka. Wannan ne likitanka ya ce babu?"

Na ɗauki basilla cikin kayan aikin Baba na soka a babban yatsana, na matse a kan murfin kwano na ajiye a gabansu. Jim kaɗan jinin ya daskare, ya soma duhu.

Na ce, "Baffa, ni ma nawa ya mutu ke nan? Kowane jini in ya fita daga jiki haka yake yi. Wannan da kuke zubarwa lafiyarsa ƙalau, shi ne ɗan abin da ya rage masa."

"Kai, rufe mana baki! Sunna za ka musa? Ka ji mini ɗan banzan yaro!"

"Ban musa sunna ba. Mai jini ake yi wa ƙaho."

Wanzamin, tsoho ne, shi ya yi mini askin suna, ya sunkuyar da kai ya fara mayar da aska cikin zabira. Da a ce Baba ya yi shiru, da an tashi a nan. Amma Baba ya dubi ƙanensa da ke huci, ya dube ni, ya ce a hankali, "Ya isa. Ƙanena ya kawo mutum har gida, ba zan kunyata shi a gaban ɗana ba. Wanzami, ƙarasa aikinka." Aka ɗora sauran huɗun ina tsaye ina kallo. Na tsani Baffa a ranar, ban kuma ɓoye ba.

Wajen alwalar azahar Baba ya yanke jiki ya faɗi. Muka sa shi a tasi sai asibiti. Suka ce zuciyarsa na ta bugawa ba ta samun abin turawa, kwalba biyu ta jini suke so yanzu-yanzu. Aka ɗebi ɗaya a jikina. Na ce su ƙara, nas ɗin ta ce ba a ɗibar biyu a jikin mutum ɗaya, in nemo ɗan'uwa.

Baffa na nan a gindin bishiya a harabar asibitin cikin babbar riga, ƙato da shi, wuya kamar na bijimin sa. Na durƙusa a gabansa, ni da na ɗaga masa murya da safe.

"Baffa, don Allah don Annabi. Kwalba ɗaya."

Ya ja da baya. "A'a, ni ba za a taɓa mini jini ba. Abin da aka ɗiba ai ba ya dawowa. Ina da iyali."

Inna lillahi! Mutumin da ya sa aka yi wata guda ana zubar da na yayansa a sakaina! Na yi masa bayani ina kuka, na ce ɓargon da ke cikin ƙashi shi ke yin jini, kafin 'yan makonni ya mayar masa da abinsa. Ya juya mini ƙeya, wai shi ba ɗalibina ba ne.

Na ari keke na bazama gidajen abokan aikina. Ɗaya ya tafi ƙauye, ɗaya yana taron jam'iyya, sai can Ƙofar Ɗan Agundi na samu wani ya biyo ni ba musu. Mun iso bayan la'asar, muka tarar an ja wa Baba mayafi har kai.

A wajen jana'iza Baffa ya fi kowa kuka, mutane na ta ba shi haƙuri. Ya daɗe a duniya bayan haka, da jininsa cif a jikinsa. Duk Sallah nakan je in gaishe shi saboda na san Baba zai so haka, amma ko ruwa ban ƙara sha a gidansa ba.