Hantar Saniyar Ardo Buba

Akwai wata Talata a farkon rani da har yau ban manta da ita ba. Shekarata ta farko ke nan da kama aikin likitan dabbobi a yankin Doguwa. Ardo Buba, shugaban wata ruga da ke bakin daji, ya aiko cewa shanunsa suna ramewa, uku har sun faɗi.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'ida ita ce a je ruga, a ɗebi jini da kashin dabba, a duba a madubin likita, sannan a cike takardar neman magani. Amma da na shiga ofishin shugabanmu, wanda zan sakaya sunansa, na tarar an riga an cike ta. An rubuta sammore, ciwon da ƙudan tsando ke ɗaukowa daga namun daji ya sa wa shanu. Sa hannuna kaɗai ake jira.

Na ce, "Yallaɓai, ai ba mu ga shanun ba."

Ya yi dariya. "Ɗan jami'a ke nan! Saniya ta rame a bakin daji, me ya rage? Tun kana goye muke rubuta haka."

Da ƙyar ya ba ni kwana ɗaya.

Na je rugar, na duba jinin shanu goma sha biyu, kowanne sau biyu, ban ga ƙwayar sammore ba. Dole in faɗi gaskiya: rashin ganinta a jini ba ya kore ciwon gaba ɗaya, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Ina cikin wannan Ardo ya dafa ni.

"Likita, in ka gama da kwalabe, zo ka ga na ido."

Da safen nan ya yanka wata da ta kasa tashi. Ya tsaga hantarta, sai ga tsutsotsi masu faɗi kamar ƙananan ganye suna motsi. Tsutsar hanta ce, wadda shanu ke kwasa a ciyawar fadama mai katantanwa.

"Mu balku muke ce masa," in ji shi. "Bara ma na faɗa wa mutanenku, suka ce in bar wa masu boko aikinsu. Suka yi allura, suka tafi."

Washegari na ajiye hantar a kwano a kan teburin shugabanmu. Ya toshe hanci.

"Fitar mini da wannan! Takarda ta tafi Kano tun jiya, da sa hannuna. So kake in ce bara ma kuskure muka yi?"

"Yallaɓai, shanun mutum ne ke mutuwa."

"To, ka je ka zama Ardonsu."

Na ƙi yin allurar sammoren da aka kawo, aka ba ni takardar tuhuma. Na koma rugar a babur, na rubuta wa Ardo sunan maganin da zai nema a Tudun Wada, na ce ya janye garken daga fadama. Kafin maganin ya kama, huɗu suka ƙara mutuwa.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuka zo bayanmu, shi ne: makiyayi ya daɗe da buɗe cikin saniya kafin mu buɗe littafi, don haka ku tambaye shi tukuna. Tsutsa ba ta da laifi, cin abincinta take yi. Huɗun nan kuwa, mu muka kashe su, muna zaune a kan kujera.