Rabin awon albarushi

Duk mai shan shayi a bakin layin unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira ya san Baba Isam, Bahaushen Sudan mai karkatacciyar kafaɗa. Ɗalibai 'yan Najeriya suna ce masa Sarkin Baka don tsokana, shi kuwa ba ya musu, domin a garinsu can bakin kogi shekara arba'in ya yi yana harbi da adaka. Da yaƙi ya koro shi Alƙahira, sai ya bar bindigar rataye a ɗaki, ya kama tukunyar shayi.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne asalin kafaɗar. Ranar harbinsa na fari mahaifinsa ya ɗura masa albarushi cikakken awo, wai namiji ba a fara masa da kaɗan. Bindigar ta naushe shi har ƙasa. Ƙashi ya warke a karkace, tsoro kuwa bai warke ba. Tun daga nan bai taɓa jan kunama idonsa a buɗe ba. Naman da ya samu, sa'a ce da sanin daji.

Wata la'asar 'yarsa Awadiyya ta kira shi ta bidiyo. Ita ta ƙi tahowa, tana can garinsu. Birai sun addabi gonar dawarta, mijinta ba labari, yara uku kuma abinci suke jira. Ta sauko da adakar, ga ta a cinyarta. Maƙwabta sun ce ta cika ta dam, ko ba komai ƙarar za ta yi aiki.

Baba Isam ya tuna da kafaɗarsa. In bindigar ta naushe ta sau ɗaya, ya san ko ta mayar da ita bango a bar wa birai dawa, ko ta zama irinsa. Ya jingina wayar da gwangwanin sukari, ya zuba ganyen shayi a tafin hannu, ya ce ta ɗauka albarushi ne. Ya kwashe rabi ya mayar. Da wannan za ta fara, tana harbin tsohuwar ƙwarya, har sai kafaɗa ta saba. Ta yi dariya, ta tambaya ko ya raina ta ne don ita mace ce.

"Ba ke na raina ba, 'yata," ya ce. "Ubanki rufe ido yake yi. Shekara arba'in."

Ta ce tamam, haka za ta yi.

Bayan kwana tara ta sake kira yana tsakiyar tace shayi. Ya tambaya ko ta samu biri.

"Na kuskure, Baba. Ta hagu harbin ya bi, kamar taku biyu."

"Yaya aka yi kika sani?"

"Ai ina kallo."

Ya ajiye matacin ya zauna a kan benci. Ranar masu shayi da kansu suka zuba.