Jibrin Mai Ciro Gawa da Hoton Teku

A Kalgo, in ruwa ya ci mutum, ba a fara kuka sai an kira Jibrin. Masunci ne, gajere, mai baƙin rai kamar an ci bashinsa, amma ya san inda gulbi yake ajiye gawa. Ya dubi ƙarfin ruwa, ya dubi kwana, ya tura kwalekwale cikin ciyawa, ya dawo wa uwa da abin da za ta yi wa sutura. Ko godiya ba ya tsayawa ji.

Lokacin yaƙin Jamus aka kwashi samari don ɗaukar kayan soja, har da ɗansa Albarka. Da aka gama yaƙin, abokin tafiyarsa Umaru ya dawo shi kaɗai, ƙafa duk ta fashe. Ya ce zawo ya kashe Albarka a cikin jirgin ruwa, aka naɗe shi a bargo aka jefa teku. Don tsohon ya gane, ya miƙa masa murfin gwangwanin wani Bature, mai zanen jirgi a tsakiyar ruwa.

Mutane suka taru suna yaba tsawon jirgin da hayaƙinsa, wai ka ga abin da Nasara suka ci duniya da shi. Mutane ke nan! Jibrin ko kallon jirgin bai yi ba. Ruwan ya ƙura wa ido, baƙi ƙirin, ya tashi tudu-tudu, sama ta haɗe kamar hadarin Agusta.

"Wanda yaz zana ruwan ga tsoro nai yakai," in ji shi. "Umaru, ina gaɓa?"

"Baba, ba shi da gaɓa."

"Ƙarya kakai. Ina yan nufa?"

"Ba ya zuwa ko'ina, Baba."

Ya juya murfin ya duba bayansa, ko a can aka zana bakin ruwan. Tsatsa kawai ya gani. Wallahi har yau in na tuna wannan, zuciyata ƙuna take.

Indo matarsa ta yi sadaka, shi ya ƙi zama karɓar gaisuwa, ya ce sai ya sa ɗansa a ƙasa. Ya tsufa yana takawa har Gwandu ranar kasuwa, murfin a aljihu, yana tare fataken goro da suka taɓa zuwa Ikko, can bakin teku. Tambayarsa ɗaya ce.

"Don Allah, ruwan ga, ina yaka aje abin da yaɗ ɗauka?"

Har ya rasu ba wanda ya ba shi amsa.