Fedar Mai Ƙafa Ɗaya

Kafin ya taɓa sufana, shara yake fara yi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, kullum da safe Baba Sai-Gobe zai ɗaga ƙyauren shagonsa na gyaran keke, ya share bakin ƙofa har ya ɗan shiga gaban shagon telan da ke jikin nasa, sannan ya shimfiɗa tsohon buhu a teburi ya jera kayan aiki daga ƙarami zuwa babba. Gwangwanin giris a dama, kwanon kananzir na wanke ƙarafa a hagu. Sunan kuwa masu keke ne suka laƙa masa, don in ba faci ba, duk abin da ka kawo sai ya juya shi, ya kasa kunne, ya ce, "Bar shi, sai gobe." A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, idanu sun gaji. Bai kamata ya rufe ba tare da an faɗi abin da ya yi ba.

Tun da 'yan tseren keke suka gano shagonsa ya ƙware a kan feda mai kama takalmi. Wani ɗan ƙarfe ake ɗaurawa a tafin takalmi, ka taka feda ta ce ƙas ta riƙe ka, in za ka sauka ka murɗa diddige waje ta sake ka. Matasa sukan zo da wadda suka saya suna yabon rashin nauyinta. Shi kuwa sai ya kama sandarta ya girgiza, ya ji ko tana rawa. Ya juya ta kusa da kunne. Ya tsoma ta a bokitin taɓo ya ce a taka a gani. Tambayarsa ta ƙarshe kullum ita ce, in ƙarfen takalmin ya cinye, a ina za ka sami wani? Da yawa sun koma da tasu cikin kwali suna gunaguni.

Amma ba don 'yan tsere aka rubuta wannan ba.

Shekara goma sha uku da suka wuce wani masinjan ofis ya shigo shagon yana dogara sanda. Mota ta taka shi, an yanke masa ƙafar hagu daga saman gwiwa. Aikinsa raba takardu ne a kan keke, kuma ofis ya ba shi wata uku: in ya iya hawa ya dawo, in bai iya ba a ɗauki wani. 'Ya'yansa shida, ba shi da wata sana'a. Ya ce ya ji labarin feda mai riƙe ƙafa, kuma in ta riƙe, ƙafa ɗaya za ta iya takawa ta kuma jawo sama.

Baba ya daɗe yana kallon ƙafar wandon da aka naɗe da fil. Ya ce sai gobe.

Da goben ta zo, matar masinjan ce ta riga mijinta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ƙi zama a benci.

"Baba, alfarma na zo nema. Ka ce masa ba zai yiwu ba. Maganarka kaɗai zai ji."

"To in zai yiwu fa, 'yata?"

"Ƙafa ɗaya ta rage mana a gidan nan. Ita ma ka ɗaure ta a ƙarfe ka tura shi cikin motoci? Gara ya zauna in riƙa kallonsa."

Duk wanda ya ce amsar wannan mai sauƙi ce bai zauna ya auna ta ba. In Baba ya yi ƙarya, ya tsare ƙafar, amma ya zaunar da magidanci a zaure yana kallon hanya, kuma akwai zaman da ya fi karaya ciwo. In ya ɗaura fedar, wata rana ta ƙi saki a gaban babbar mota, hannunsa ne ya ɗaure mutumin. Matar tana da gaskiya, mijin yana da gaskiya, kuma dukkansu a hannun mai sufana suka zuba ta.

Baba ya ce, "Ƙarya ba zan yi masa ba. Amma ba zan ba shi abin da ban ɗora jikina a kai ba. In na ga ba ta yi, ke zan fara gaya wa."

Telan nan shaida ne, har yau yana ba da labarin. Da hantsi Baba, yana da shekara hamsin da biyar, ya lanƙwasa ƙafarsa ta hagu ya ɗaure ta a cinya da tsohuwar robar taya, ya jingina da bango ya hau keke.

"Tsoho, Allah ya ba ka biyu, ka mayar masa da ɗaya?" in ji tela.

"Ka ji da zarenka. In na faɗi ka zo ka ɗinke ni."

Feda uku ya gwada. Ta 'yan tsere, mai fuska ɗaya, ranar farko ya ajiye ta, don in ta kife babu wata ƙafar da za ta tura keke kafin a juyo ta. Ta biyu sabuwa ce mai ƙyalli da araha, a kwana na huɗu sandarta ta lanƙwashe a kan tudu. Ta uku tsohuwa ce ta ƙarfe zalla, mai fuska biyu, da ya ciro daga wani keken gwanjo. Ya warware ta gaba ɗaya, ya wanke, ya sa mata sabon boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kai. Sai ya koma kan ɗan notin da ke ƙara mata riƙo ko ya rage. Rubu'in zagaye yake murɗa shi kowane karo, ya hau ya zagaya, ya dawo ya ja layi da alli a bango. In ya matse, ta ƙi sakin gajiyayyar ƙafa. In ya sassauta, takalmi ya kuɓuce a tsakiyar tudu.

Tela ya ƙirga faɗuwa goma sha ɗaya. A ta ƙarshe fedar ta saki lafiya lau, amma keken ya karkata hagu, inda babu ƙafa, Baba ya tare ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. Ana ɗaga shi abin da ya fara cewa shi ne, "Jakar takardu a dama za a rataye ta. Da sandar masinjan ma. Dole keken ya riƙa rinjaya wajen ƙafar." Jiki magayi. Babu littafin da zai koya masa wannan.

Baba, kai ne wanda ya ari nakasar wani ya sa a jikinsa, don kada ya yi masa aiki da ka. Kai ne ka san cewa wanda zai hau ba ya ganin cikin ƙarfe, amanarka kawai yake takawa.

Da hannu a ɗaure ya miƙa wa masinja keken, amma bai bar shi ya fita titi ba. Ya tsayar da shi a tsakanin dogaran ƙofa, ya dafa nan ya dafa can, ya taka ya murɗa, sau ɗari kullum. Masinja ya ƙosa.

"Baba, saura kwana tara fa. Kuma ka ƙara matse ta, ina jin kamar za ta zame."

"Ba zan ƙara ba. Yanzu da safe kake murɗawa. Ni ƙafarka ta la'asar nake yi wa aiki."

Ana gobe wa'adi zai cika, Baba ya aika a kira matar. Ya sa masinja ya tafi ƙarshen layi ya dawo da gudu. Bai gaya wa kowa abin da zai yi ba. Keken na zuwa daidai shago sai ya fito tsakiyar hanya ya tsaya cak, da karyayyen hannunsa a ƙirji. Birki ya yi ƙara, diddige ya murɗa, takalmi ya dira a ƙasa. Taya ta tsaya taku ɗaya daga gwiwar tsohon.

Matar ta dubi mijinta, ta dubi Baba. Sai ta sunkuya ta ɗauki sandar da ke jingine da bango, ta ɗaure ta a gefen dama na keken da hannunta, ta ja igiyar sau biyu ta ji ƙarfinta.

Har yau masinjan yana bakin aikinsa. An canza ƙarfen takalmin sau shida, fedar nan ita ce dai. Babbar 'yarsa ta zama ma'aikaciyar jinya.

Mun gode, Baba Sai-Gobe. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, mai ɗaura birki da mai haɗa magani da mai kafa tsani, kowa akwai ranar da wani zai ɗora ransa a kan aikin hannunsa ba tare da ya iya dubawa ba. In ranar ta zo, kafin ka ce masa hau, ka tambayi kanka ko kai za ka tsaya a gaban tayar.